Yadda Ake Sayen Azurfa Ta Gaske a Tafiyar Shaƙatawa Ta Jirgin Ruwa

Duk ƙarshen shekara, da kuma bayan dogon hutun makarantu, sai an kawo mini kaya shago a ce in duba. Sarƙa, awarwaro, zoben maza mai dutse, an sayo su a wata tasha da jirgin ruwan shaƙatawa ya yada zango, a Girka ko Turkiyya ko ƙasashen Larabawa. Wasu na ƙwarai ne, har in taya mai su murna. Wasu kuwa ina goga su a dutsen gwaji sai jan ƙarfe ya leƙo, alhali ga 925, lambar da ke nuna azurfa ce, an buga raɗau a jikinsu. Wata Hajiya daga Agege ta taɓa zama a bencin shagona ta yi shiru na tsawon lokaci. Sarƙoƙi uku ta sayo wa 'ya'yanta mata tsaraba, babu ko ɗaya da ta tsallake gwaji, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta riga ta ba su, sun saka an gani a biki.

Mutanenmu na Legas da ke tashi zuwa Basalona ko Dubai ko Miyami su hau irin wannan jirgi suna yawan tambaya ta yadda za su kauce wa haka. Ga matakan a jere, yadda nake gaya wa duk wanda ya zo mini sallama kafin tafiya.

1. Haɗa kayan gwaji tun kana gida

Abu biyar kake buƙata, kuma dukansu za su shiga aljihun jaka.

Na farko ƙaramin sikelin aljihu mai batir, wanda yake auna har 0.01 na giram. Wanda yake tsayawa a giram ɗaya-ɗaya, irin na madafa, ba zai yi ba. Na biyu maganaɗisu mai ƙarfi. Na jikin firji ba shi da amfani a nan. Ka je Computer Village a Ikeja ka nemi wanda ake cirewa daga tsohuwar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta (hard disk), shi ne mai kama ƙarfe da gaske. Na uku ɗan gilashin maƙera mai ƙara girman abu sau 10, domin hatimin da ke jikin sarƙa ido kaɗai ba ya karanta shi. Na huɗu farin ƙyalle mai laushi. Na biyar, wanda mutane ke rainawa, wani zobe ko guntuwar sarƙa ta azurfa da ka tabbatar da ita, wadda maƙerin da ka yarda da shi ya gwada maka. Ita za ka riƙa ajiyewa kusa da abin da ake tallata maka, ka kwatanta launi da nauyi a tafin hannu.

Masu sayar da kayan maƙeran fari a Yaba da cikin Eko suna da sikeli da gilashin, ana kuma samu a Jumia. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai asarar sarƙa guda ba.

Gargaɗi: kada ka sa ruwan asid na gwaji a kayanka. Jiragen sama sun haramta ɗaukar sa, kuma babu mai shagon da zai bari ka ɗiga masa asid a kaya. Wannan gwajin na bayan dawowa ne.

2. San farashin ranar, ka shirya kuɗi

Azurfa tana da farashin duniya da ke sauyawa kullum, ana faɗin sa da dala a kan oza ɗaya. Ozar zinare da azurfa giram 31.1 ce. Da safen ranar da za ka sauka tasha, ka duba farashin a waya, ka raba shi da 31.1, ka rubuta abin da ya fito a takarda. Wannan shi ne kuɗin giram ɗaya na tsantsar azurfa. Intanet ɗin cikin jirgi da kuɗi ake saye kuma yana da tsada, saboda haka in ba ka saya ba, ka duba da zarar ka samu na kyauta a tasha.

Game da kuɗi, ka je bankinka kafin tafiya ka tambayi iyakar abin da katinka na naira zai iya kashewa a waje, domin dokar tana canzawa kuma banki da banki sun bambanta. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana na yuro ko dala. In abin da ke hannunka ya haura dala 10,000, wajibi ne ka bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgin Murtala Muhammed kafin ka tashi.

3. Abin da za ka gani a cikin jirgi

Jirgin yana da shagunansa, kuma a rufe suke muddin yana tsaye a tasha, sai ya shiga teku suke buɗewa. Da katin ɗakinka ake biya, wanda shi ya sa kuɗi ke tafiya mutum bai ji ba sai ranar sauka.

Wata rana za ka ga an fito da tebur a tsakar jirgi da sarƙoƙi a naɗe jikin ƙwarko, ana yanka wa mutum tsawon da yake so, ana sayarwa inci-inci. Mata suna cika wurin. Yawancin waɗannan ruwan azurfa ko ruwan zinare aka yi musu, cikinsu wani ƙarfe ne daban. Ba a cika ɓoye hakan ba in ka tambaya, amma ba za a fara gaya maka ba. Hajiya, in don yayi kike so, ki saya da sanin abin da kika saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma lacca da ake shiryawa kafin a isa tasha, inda wani ma'aikaci zai raba taswira mai sunayen shagunan da ya ce jirgi ya amince da su. Ka sani shagunan nan biya suke yi a sa su a taswirar. Dillanci ne, irin wanda muka sani a kasuwar Balogun, kuma la'adar tana cikin farashin da za ka biya. Wannan bai sa kayansu ya zama jabu ba, sau da yawa ma na gaske ne, kuma akan haɗa da takardar lamuni ta 'yan makonni. Ka karanta takardar da kyau, domin yawanci ba ta karɓar uzurin cewa ka canza ra'ayi ko ka ga ya yi tsada.

4. Zaɓen shago da lissafin lokaci

A nan aka fi cin mutane. Jirgi zai ba ka awa shida ko takwas a gari, mai shago ya san haka, ya kuma san ba za ka dawo gobe da ƙorafi ba. Duk dabararsa a kan gaggawarka take.

Ka fara da azurfa da safe, yawon buɗe ido ya biyo baya. Wanda ya bar sayayya sai saura minti arba'in ya koma jirgi, zai biya abin da aka ce, ba tare da ya auna ba. Lokacin komawa yakan kasance rabin awa kafin tashi, ana rubuta shi a bakin ƙofar sauka, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yake saɓa wa na garin. In kai kaɗai ka fita ka makara, jirgi ba ya jira.

Shagunan da ke bakin tasha su ne mafi tsada. Ka wuce su, ka shiga gari layi uku ko huɗu, ka nemi inda 'yan garin ke shiga. Shago mai suna da adireshi, mai sikeli a kan kanta, wanda azurfa ce sana'arsa. Wanda yake sayar da riguna da kofuna da makullai, sannan ga tiren zobba a gefe, ka gaishe shi ka wuce. Haka masu talla a bakin ruwa.

Kowace tasha da halinta. A Istambul babbar kasuwar nan mai rufi ba ta ci ranar Lahadi. A Maskat kasuwar Mutrah tana kusa da tashar, akwai tsohon aikin azurfa na Oman mai kyau, amma shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana sai yamma. A Dubai kasuwar zinare ta Deira akwai masu azurfa a cikinta. A Malta aikin zaren azurfa mai kama da saƙa ya yi suna. In jirginka na yankin Karebiyan ne ya tsaya Kozumel ta Meziko, za a yi ta kiran sunan Taxco, garin da ya shahara da maƙeran azurfa, amma kiran sunan gari ba shaida ba ne.

Gargaɗi: direban tasi ko ɗan rakiya da ya ce zai kai ka shagon ɗan'uwansa, kamasho yake nema, kuma daga aljihunka zai fito.

5. Karanta hatimi

Fito da gilashinka. A zobe hatimi yana ciki, a sarƙa yana jikin maƙalli ko ɗan ƙaramin faranti kusa da shi, a ɗankunne yana jikin sandar ko bayan.

925 yana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari. Ita ce ake rubuta wa STERLING, kuma ita ce ta fi dacewa da kayan sakawa. 999 tsantsa ce, amma laushinta yana sa ta lanƙwashe. Za ka iya cin karo da 950, 900, 835 ko 800, duk azurfa ne, sai dai ƙaramar lamba tana nufin ƙarancin azurfa, dole farashi ya sauko.

Ga kalmomin da in ka gan su ka ajiye kayan. ALPACA, NICKEL SILVER da GERMAN SILVER babu ɗigon azurfa a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, launin ne kawai. EPNS da PLATED ruwan azurfa ne a kan wani ƙarfe. Abin da ake kira azurfar Tibet ma yawancinsa haka yake. 316L ƙarfe ne marar tsatsa. Nikel kuma yana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya da kunne, musamman a zafin Legas da gumi.

Wasu ƙasashe suna da hatimi na biyu da ya fi lambar ƙarfi. Kayan Italiya na gaske suna ɗauke da ƙaramin tauraro, da lambar rajistar maƙerin, da haruffa biyu na lardinsa, kamar AR na Arezzo ko VI na Vicenza. A Ingila ofishin gwaji ne mai zaman kansa yake buga hatimi, za ka ga alamar ofishin, anka ta Birmingham ko kan damisa na Landan, sau da yawa da zaki mai tafiya, amma abin da bai kai giram 7.78 ba doka ba ta tilasta a buga masa. Faransa tana amfani da hoton kan mace mai hular yaƙi. Masar tana buga furen bado da lambobin Larabci, waɗanda mai karatun allo zai karanta ba wahala. Kayan Taxco masu rajista suna da haruffa biyu da lamba, harafin farko T.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka. Ƙarfen buga 925 kowa yana iya saye, kuɗinsa kaɗan ne. Rashin hatimi dalili ne na tsayawa, amma samuwar sa izini ne kawai na ka ci gaba zuwa mataki na gaba. Sarƙoƙin Hajiyar nan ta Agege dukansu da hatimi.

6. Gwaji a kan kanta

Ka nemi izini da fara'a. Mai kayan gaske ba ya jin haushin gwaji, wani ma zai miƙo maka nasa maganaɗisun. In fuska ta canza, ko aka fara cewa ba a taɓa kaya, ka samu amsarka.

Fara da maganaɗisu. Azurfa ba ta bin sa. In sarƙa ta manne, magana ta ƙare. Sai dai ka lura da abu biyu: maƙallin sarƙa yana da ɗan sifirin na ƙarfe a ciki, zai ɗan ja ko da sarƙar ta gaske ce, don haka ka gwada tsakiyarta. Sannan jan ƙarfe da tagulla su ma ba sa bin maganaɗisu, kuma su aka fi yi wa ruwan azurfa. Wannan gwaji yana kama ƙaramin ɓarawo ne kawai.

Sai gilashi. Duba inda ƙarfe ke gugar ƙarfe: cikin zoben sarƙa, bakin maƙalli, gefen zobe. In ka ga ja-ja ko rawaya yana leƙowa, ko fatar sama tana ɓarewa, ruwa ne aka yi.

Sai ƙyalle. Goga da ɗan ƙarfi. Azurfa takan bar baƙin tabo a farin ƙyalle. In bai bari ba, kada ka yanke hukunci nan take, domin ana shafa wa wasu kayan gaske wani farin ƙarfe mai suna rodiyom don kada su yi baƙi, suna ƙyalli fari tas. Ka tambaya. Kuma mai ruwan azurfa ma yana iya barin tabon, tunda fatarsa azurfa ce.

Sai hanci da hannu. Azurfa ba ta da wari, tagulla tana da ƙarnin tsohon kwabo. Ɗora abin a tafi ɗaya, naka na gida a ɗayan. Azurfa ta fi tagulla da ƙarfe nauyi in girmansu ɗaya.

Gwajin ƙanƙara da ake yaɗawa a waya gaskiya ne azurfa tana saurin narkar da ita, amma a faranti ko tsaba yake nuna wani abu. A siririyar sarƙa ɓata lokaci ne.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai. Haɗuwarsu da hatimi da irin shagon ita ke ba ka natsuwa.

7. Auna, lissafa, sannan ka taya

Kada ka tambayi kuɗin sarƙa. Ka tambayi nauyinta da kuɗin giram. Tambayar nan kaɗai tana nuna wa mai shago cewa ba baƙon kasuwa ne a gabansa ba. A auna a gabanka, ka sake aunawa a naka. In kana shakkar sikeli, tsabar yuro ɗaya giram 7.5 ce, ta yuro biyu 8.5, ɗora ka gani.

Mu ɗauka misali a ranar oza tana dala 62. Giram ya kama kusan dala 2. Sarƙa mai giram 20 ta 925 tana da tsantsar azurfa giram 18.5, wato dala 37. Wannan kuɗin ƙarfen ne zalla, ba aiki, ba haya, ba riba. In aka ce maka dala 25, har da rantsuwa cewa don kai Musulmi ne ɗan'uwa aka rage, ka ajiye ta, babu ɗan kasuwar da zai sayar ƙasa da kuɗin narkarwa. Araha ba ta ado. A ganina, sarƙar inji marar wani aiki in ta kai ninki biyu zuwa uku na kuɗin ƙarfe, ciniki ne mai kyau. In ta haura ninki biyar, kuɗin bakin teku kake biya. Aikin hannu irin na Malta ko tsohon aikin Oman lissafinsa daban ne, a nan gwanintar maƙeri kake saye, kuma ta cancanci kuɗinta. Ni da na san wahalar zama a gaban wuta ba na son in ga ana taya irin wannan aiki da rainin hankali.

Gargaɗi ga Alhazai masu son zoben Turkiyya: dutsen yana cikin nauyin. Zobe mai giram 15 wataƙila biyar dutse ne, kada a lissafa maka shi a farashin azurfa. Awarwaro mai kauri da ka ji shi sakayau, rami ne a cikinsa, zai lotsa da wuri.

A kasuwannin Turkiyya, Masar, Oman da Meziko ana ciniki kamar gida, har da shayi. A shagunan Italiya ko Faransa masu farashi a rubuce, ragi kaɗan ne, sai in ka haɗa kaya da yawa.

8. Rasit, biya da haraji

Rasit ɗin ya ƙunshi sunan shago da adireshi, kwanan wata, irin kayan, lambar 925, nauyi da giram, da kuɗin da ka biya. In aka rubuta kalmar kayan ado kawai, ka ce a ƙara. Wanda ya ƙi rubuta 925 da hannunsa ya san abin da ya sayar maka. Ɗauki hoton kayan a kan sikeli tare da rasit.

Kada ka ɗauke ido lokacin da ake naɗewa. Wanda ka gwada shi za a sa a leda a gabanka, ba wani sabo daga ciki ba.

Sayayya mai nauyi ka biya da kati, domin in rigima ta taso banki yana da inda zai bi. In na'urar ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi kuɗin ƙasar da kake, canjin da na'urar ke yi da kanta yana da cuta. Kuma ka karɓi kayanka nan take. Tayin cewa ka biya yanzu a gyara girman zobe a aiko maka jirgi ko Najeriya, ka ƙi shi. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa cinikin zinare da azurfa hannu da hannu ake yi.

Baƙo daga wajen Tarayyar Turai yana da haƙƙin a mayar masa da wani ɓangare na harajin kaya, wanda a Italiya kashi 22 ne, Sifaniya 21, Girka 24. Sai ka nemi fom a shagon da fasfonka, yawancin ƙasashen suna da mafi ƙarancin sayayyar da suke karɓa, sannan a tabbatar da fom ɗin a filin jirgin da za ka bar Tarayyar, da kayan a hannunka don a gani. A Dubai harajin kashi 5 ne, ana mayarwa daga sayayyar dirhami 250.

9. Sauran tafiya da bayan sauka Legas

Kada ka shiga wurin ninƙaya na jirgi da sabuwar azurfa, sinadarin ruwan yana ɓata ta. Ajiye ta a akwatin sirri na ɗaki, ranar tashi kuma a jakar hannu tare da rasit, ba a babbar jaka ba. In kayan sun yi yawa har sun zama na sayarwa, ka bayyana wa kwastan.

Da ka huta, ka yi gwajin ruwa, in kayan ba su da dutse ko rami. Auna sarƙar ka rubuta. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure sarƙar da zare ka nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka karanta lambar. Raba nauyin farko da na biyu. Azurfa 925 tana ba da kusan 10.3, tagulla da alfaka ƙasa da 9, ƙarfe kusan 8. Sarƙa mai giram 20 ta gaske za ta nuna kusan 1.9 a ruwa.

Daga nan ka kai wa maƙeri ya goga a dutse ya ɗiga asid, a wurin da ba ya nunawa. Ka yi wannan a makon farko, kafin ka raba tsaraba, kuma tun wa'adin lamuni ko na ƙorafin banki bai wuce ba.

In bayan wata biyu ta yi baƙi, kada hankalinka ya tashi, halin azurfa ne, kuma danshin Legas da hayaƙin janareto suna gaggauta shi. Shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, zuba ruwan zafi da cokali ɗaya na garin baking soda, sa kayan su taɓa takardar na 'yan mintuna, ɗauraye ka shanya sosai. Banda masu dutse da waɗanda maƙeri ya baƙanta ramukansu da gangan don ado, su ƙyalle kawai za a sa musu. Man goge baki yana karce ta. Turare da humra a fara shafa su su bushe kafin a saka sarƙa, in an cire kuma a goge gumin, a sa kowace a ledarta mai zif, a matse iskar.